Rubutun Abla a Gefen Littafina

A shekararmu ta biyu a Makka muka koma unguwar Hindawiyya. Malam, wato mijina, yana karatun digiri na uku a fannin hadisi, ni kuma na biyo shi da 'yarmu mai shekara uku, da wani aiki da na baro rabi a jami'a can gida: kundin digirina na biyu a adabin Larabci. Abin da nake bincike a kai shi ne yadda marubutan ƙagaggun labarai na ƙasashen Larabawa, waɗanda suka yi rubutu bayan tafiyar Turawan mulkin mallaka, suka ajiye mata a labaransu. Malamin da ke duba aikin ya ba ni shekara ɗaya in aiko da babi uku, in ba haka ba a cire sunana. Da littattafai bakwai na taho, duk na lulluɓe bangonsu da takardar siminti, saboda biyu daga ciki akwai hoton mace ba mayafi, kuma ban san abin da za a ce mini a filin jirgi ba.

Gidan bene ne mai hawa uku, a wani lungu da mota ba ta shiga sai ta naɗe madubi. Mu ne a can sama. Mai gidan Balarabe ne ɗan shekara hamsin da 'yan kai, yana da shagon kayan famfo a bakin titi, yana zaune a hawa na tsakiya da iyalinsa. A ƙasa akwai mahaifiyarsa, wadda ɓarin jikinta ya shanye, da ƙanwarsa da ke jinyarta. Sai da Malam ya yi wata biyu yana yawo kafin ya samu wannan gida. Wurare da dama da sun ga baƙar fata da iyali sai a ce an riga an kama. Shi wannan da ya ji hadisi Malam yake karantawa, nan take ya miƙa masa makulli.

A saman bene na fara haɗuwa da ƙanwar tasa, wajen shanya. Doguwa ce, siririya, ta haura arba'in, hannuwanta duk sun yi kaushi saboda wanki. Na gaishe ta da Larabcin da na koya a aji, ta dube ni ta fashe da dariya, ta ce ina magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Ta ce in riƙa ce mata Abla, yadda ake kiran babbar yaya ko malama a can. Ba ta taɓa aure ba. Ta gama sakandare da niyyar zama malamar makaranta, mahaifinsu ya rasu, yayanta ya ce gida ya fi bukatarta.

Ni na fara neman taimakonta. A littattafan nan, in mutane za su yi hira sai marubuci ya saki Larabcin makaranta ya koma na kan titi, na Masar ko na Sham, wanda ƙamus ba ya sani. Ita kuwa duk tana ji, ta koya a wasannin talabijin tun mahaifinta na da rai. Sai ya zamana da hantsi, in maza sun fita, ina saukowa da 'yata da littafi. Tsohuwa tana barci a gadonta na ƙarfe, Abla ta haɗa shayi da na'ana'a, in nuna mata kalma ta fassara mini. Wani lokaci mukan tarar da Inna, wata dattijuwar Basakkwata da ta zo aikin hajji tun kafin a haife ni ta zauna, ba ta da igama, wato takardar izinin zama. Sau biyu a mako take zuwa wanke zannuwan gadon tsohuwa.

Wata rana Abla ta tambaye ni mene ne ma nake nema a littattafan. Na gyara zama na shiga yi mata bayani da manyan kalmomi. Na ce maza sun kori Bature daga ƙasa amma sun riƙe mulkinsa a cikin gida, na ce a labaran nan ƙasa ta samu 'yanci, mace ba ta samu ko suna ba. Na kawo misali da wanda ke hannuna, labarin wasu 'yan'uwa maza uku da ke gardama kan makomar ƙasarsu bayan samun 'yancin kai, tun daga shafin farko har na ƙarshe. Suna da ƙanwa. Aikinta a labarin ta kawo shayi ta fita.

Abla ta saurare ni har na gama, tana matse lemon tsami a ruwan tsohuwa. Sannan ta ce, "Ba ni shi in karanta."

Na san yayanta ba ya son irin waɗannan littattafai, Inna ta taɓa gaya mini ya kwashe na mahaifinsu ya kai shago. Amma na miƙa mata.

Bayan kwana takwas ta dawo mini da shi a saman bene, a ƙarƙashin kwandon shanya. Ta ce in yafe mata, ta ɓata mini littafi. Da na buɗe a ɗaki sai na ga ta bi gefen shafuka da fensir, rubutu ƙanana, a kwance, irin na Larabawa mai gudu wanda sai na ƙura ido nake ganewa. A wurin da ƙanwar ta ajiye shayi ta fita, Abla ta rubuta: "Ba ta tafi ba. Tana bayan ƙofa, ta ji komai, kuma ta san wanda yake ƙarya a cikinsu." A wurin da babban yaya ya yi doguwar huɗuba kan 'yanci, ta rubuta: "Wa ya goge rigar da yake wannan magana a cikinta?" Ina karantawa ina dariya ni kaɗai.

Can wajen tsakiya dariyar ta tsaya. Akwai inda marubucin ya ce, a layi ɗaya tak, wani ya zo neman auren ƙanwar an sallame shi. Nan Abla ta cika gefen shafin, ta zagaya ƙasa, ta tsallaka na gaba. "Mutum uku suka zo. Na farko aka ce danginsa ba su kai namu ba. Na biyu aka ce Jidda ta yi nisa. Na uku ko gaya mini ba a yi ba, a bakin matar yayana na ji bayan shekara biyu. Ba danginsu ba ne, ba nisa ba ne. Wa zai juya Ummi a gado in na tafi? Matarsa ba za ta yi ba, shi ma ba zai yi ba." Ta daina cewa "ta", ta koma cewa "na".

Abin da nake jin kunyarsa har yau shi ne, farin ciki na fara yi. Na ga babi guda na kundina a kwance a gabana. Tausayinta daga baya ya zo. Ta tsaya saura kamar kashi ɗaya cikin huɗu na littafin, sai washegari na sauka na mayar mata, na ce don Allah ta ƙarasa, ta rubuta duk abin da ya zo mata. Ta ce, "Gara ya zauna a wurinki, ya uhti, 'yar'uwata." Na matsa. Ta karɓa ta sa a aljihun tebur ɗin da ke gefen gadon tsohuwa, ƙarƙashin katin asibiti da ledojin magani. Ban gaya wa Malam komai ba.

Ranar wata Alhamis, bayan la'asar, ina tankaɗen garin tuwo na ji murya daga ƙasa. Muryar namiji ce, tana hawowa ta ramin matakala. Ban ji ta mace ba ko sau ɗaya. Aka buga wata ƙofa har tagarmu ta amsa. Jim kaɗan aka ƙwanƙwasa tamu a hankali, na buɗe na ga Inna, hannunta duk kumfa, tana haki.

"Ɗiyata, mi kinka ba ta? Mai gida ya zo ɗaukar katin likita, yag ga littafi. Shina zaune shina karatu tun ɗazu. Ki shirya, nan za shi zo."

Ta juya ta haye saman bene, ta ɓuya cikin shanya.

Malam yana ɗakin baƙi da littattafansa a baje. Na tsaya bakin ƙofa na gaya masa a gurguje, kalma na hawa kan kalma. Ya cire tabarau ya dube ni. Kafin ya ce wani abu muka ji takun mutum a matakala, taku mai nauyi, ba gaggawa. Malam ya ce, "Shiga ciki." Na ɗauki 'yata na koma bayan ƙofar da ta raba ɗakin baƙi da sauran gidan, na bar ta a ɗan buɗe kamar faɗin yatsa biyu.

Mai gidan ya yi sallama, ya ƙi zama. Ta kafar ƙofa ina hango rabin farar rigarsa da hannunsa riƙe da littafin, ya yage takardar simintin.

"Ya Shaikh," in ji shi, "na ba ka gidana saboda kai ɗalibin hadisi ne. Na ce wa mutanen unguwa na samu maƙwabci na gari. Wannan daga gidanka ya fito?"

Malam ya karɓa ya buɗe. Sunana na shafin farko, da na jami'armu. Ya ce, "Na matata ne. Tana bincike a kai."

"Bincike. Buɗe inda na naɗe."

Malam ya juya shafuka. Ina jin ƙarar injin sanyaya ɗaki da numfashin 'yata a wuyana. Na san shafin da Malam yake karantawa.

Mai gidan ya ce, "Na tambayi ƙanwata wa ya yi wannan rubutu, ta ƙi buɗe baki. To abu biyu ne. In ita ta rubuta, wannan maganar gidana ce, ni na san yadda zan yi da ita. In kuma matarka ce, ke nan tana sauka kullum tana tatsar sirrin gidana, tana rubutawa don ta aika ƙasarku a karanta a jami'a. In haka ne, ranar Lahadi zan kai wannan littafi wurin shugabannin makarantarka, su ga abin da iyalin ɗalibinsu suke yi a gidajen mutane."

Zamanmu a ƙasar gaba ɗaya a kan karatun Malam yake. Igamarsa ta makaranta ce, tawa da ta 'yarmu a kan tasa suke rataye. Saura masa shekara ɗaya da rabi. Ban san ko irin wannan ƙara za ta yi tasiri ba, shi ma Malam bai sani ba, kuma ba mu da wanda za mu tambaya.

Malam ya ce, "Bari in tambaye ta." Ya matso jikin ƙofa, bai buɗe ba, ya yi ƙasa da murya ya koma Hausa. "Ke kika rubuta?"

Ya san rubutuna sarai. Ni nake kwafe masa isnadi, jerin sunayen masu ruwaito hadisi, in idonsa ya gaji. Tambayar ta fitar da ni ce, so yake in ce a'a a wuce wurin. Amma "ni na san yadda zan yi da ita" ta tsaya mini a ƙirji. Na tuna ta ce gara littafin ya zauna a wurina, ni na tura mata.

Na ce, "Ni ce."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Ni ce, Malam."

Ta kafar ƙofa muka haɗa ido. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ba fushi ba ne kawai, kamar mutumin da aka tura bakin rijiya. Sannan ya juya ya ce da Larabci, "Ta ce ita ce." Bai ce ita ce ba, ya ce na ce. Na lura da wannan, ina jin mai gidan ma ya lura.

"Tayyib," in ji shi. Ya karɓe littafin, ya zaro biro daga aljihun gaba, ya yago takarda daga littafin rasit ɗin shagonsa. "Ta rubuta mini layi ɗaya in gani. Ta rubuta: mutum uku suka zo."

A nan na gane bai san rubutun ƙanwarsa ba. Ciki ɗaya suka fito, gida ɗaya suka tsufa, amma sai ya gwada.

Malam ya zuro mini takardar da biron. Na sauke 'yata, na dafa takardar a bango. Rubutuna na Larabci manya ne, a tsaye, kowane ɗigo a mazauninsa, irin na wadda ta koya a makarantar Islamiyya. Nata ƙanana ne, tana haɗe ɗigo biyu su zama ɗan layi. Na yi ƙoƙarin tuno yadda take karkata harafi. Bangon mai ƙurji ne, biron ya huda takardar. Na rubuta kalma ta farko, na dube ta, na san ko makaho aka nuna wa zai ce ba ɗaya ba ne. 'Yata ta kama zanena ta fara ƙananan kuka.

"Layi ɗaya ne fa," in ji mai gidan.

Ina kan kalma ta biyu na ji wani takun a matakala, na silifa. Ƙofarmu ta waje a buɗe take tun shigowarsa. Aka yi sallama da muryar da na sani, sai dai ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. Abla ce, cikin abaya, fuska a rufe, tsaye a bakin ɗakin baƙi. Tunda muka tare ba ta taɓa hawowa ƙofarmu Malam na gida ba. Malam ya yi sauri ya kawar da kai ya fuskanci bango.

"Ka ƙyale baƙi," ta ce wa yayanta. "Ni na rubuta."

"Sauka."

"Ni na rubuta, da fensirin da nake rubuta lokutan maganin Ummi. Takardar tana nan manne a jikin firji shekara tara, da ka duba sau ɗaya da ba ka hawo nan ba."

"Na ce ki sauka! A gaban namiji baƙo?"

"Kai ka kawo maganar gabansa." Ta nuna hannunsa. "Littafin yana hannunka. Nuna mini layi ɗaya da yake ƙarya, in goge shi yanzu a gabanka."

Ya ɗaga hannun da ke riƙe da littafin. Ban san ko nuni zai yi ko duka ba, kuma ina jin shi ma bai sani ba. Ban san lokacin da na buɗe ƙofar na fito ba, da ɗan gyalen girki a kaina, takardar a hannu. Malam ya juyo ya shiga tsakaninsu, ya ce, "Ya ahi, ka yi salati ga Annabi." Mutumin ya tsaya da hannu a sama. Leɓensa yana motsi. Ya yi salatin a ciki-ciki, ya sauke hannun.

Daga can ƙasa muka ji tsohuwa tana kira, irin kiran nan nata mara kalma. Abla ta ce, "Ummi tana nemana, shi ya sa zan sauka." Ta juya. Muka bi ƙarar silifanta har hawa na ƙasa.

Mai gidan bai dube ni ba. Ya ce wa Malam, "Ka hana matarka waɗannan littattafai. Guba ce."

Malam ya ce, "Karatun matata da sanina take yi. Ni na ɗauko mata su a jakata." Ya miƙa hannu. "Littafin nata ne."

"Sirrin gidana ne a ciki." Ya cusa shi a aljihun gefe. "Ƙarshen wata ina son makullina."

Da ya fita Malam ya rufe ƙofa, ya zauna a ƙasa cikin littattafansa. Na yi zaton wanda ya kare ni yanzun nan zai ci gaba da kare ni. Sai ya ce, "Kin sa na kai ƙarya da bakina."

"Da na ce ita ce, me kake tsammanin zai yi mata?"

"Da ya kai ni makaranta fa? Shekara biyu ina wahala. Kin yanke hukunci a kaina da kan yarinyar nan, ko shawara babu."

Na ce, "Ku biyu kuna tsaye kuna yanke nawa ina bayan ƙofa, wa ya yi shawara da ni?"

Ya ce, "Wannan maganar ki ajiye ta a kundinki." Ya tashi ya yi alwala ya fita masallaci tun ba a kira magariba ba.

Kwana goma sha tara suka rage a watan, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawonsu ba. Ni da Malam ba ma magana sai ta abinci da ta yarinya. Washegari aka sa kwaɗo a ƙofar saman bene, na koma shanya a kan kujeru. Ina wuni ina kasa kunne ga ƙasa, ina jiran ihu ko ƙarar faɗuwar wani abu. Ba a ji komai ba. Ko talabijin an daina kunnawa. In na sauko da shara na tarar da matar mai gidan a matakala, sai ta manne da bango ta bar ni in wuce, ba ta amsa sallama. Duk ranar Lahadi in Malam ya dawo daga makaranta sai in dubi fuskarsa tun daga ƙofa, ko an kira shi ofis. Ba a kira shi ba.

Wadda abin ya fara ci ita ce Inna. Mai gidan ya ce ita ke kai littattafai tana kawowa, ya ce kada ya sake ganinta a lungun, in ba haka ba ta san inda zai buga waya. Na samo lambarta na kira ina ba ta haƙuri. Ta bar ni na gama.

"Ɗiyata," ta ce, "ke kina da igama, ita tana da ƙasa. Ni mi ni ke da shi? Shekara shida ina wankin gidan nan. Halas, ya wuce." Na ɗauka za ta kashe. Sai ta ce, "Kun samu wuri? Akwai ɗaki biyu da za a tashi nan Tandabawi, gidan wata Bazazzaga. Ba shi da kyau, amma ba a koran mutum."

Can muka koma. Ranar tashi Malam yana waje da masu ɗaukar kaya, ni na sauko ƙarshe da 'yata. Na tsaya a ƙofar ƙasa, na ɗaga hannu na kasa ƙwanƙwasawa. Sai ƙofar ta buɗe kaɗan da kanta. Ido ɗaya na gani da gefen fuska. Ta rame.

"Ya taɓa ki?" na tambaya.

"A'a. Ya karɓe wayata. Ba ya yi mini magana, da matarsa yake aiko saƙo."

"Abla, ki yafe mini. Ni na matsa miki."

"Kin matsa," ta ce. "Amma ba ke kika riƙe fensirin ba." Ta leƙa matakala, ta dawo da ido kaina. "Ban ƙarasa ba. Ya aka yi da yarinyar a ƙarshe?"

Na ce, "Ba a sake ambatonta ba."

Ta gyaɗa kai. Ta zuro hannu ta shafa kan 'yata, ta tura ƙofar.

A Tandabawi na rubuta babi ukun, a kan akwati, fanka na juya zafi. Na haddace abubuwa da yawa daga rubutun Abla, amma ko ɗaya ban sa ba. Na gwada sau ɗaya, na ce "wata mai karatu a Makka", na duba na goge. Ni da Malam muka shirya a hankali, ba tare da kowa ya ce ya yi kuskure ba. Wata rana dai ya dawo da kwafin littafin sabo fil, ya samo a wani kantin Jidda, ya ajiye mini a kan akwatin. Inna ta samu wani gidan wankin a Jarwal, ya fi nisa, kuma gwiwarta ba ta son hawa.

Bayan kamar wata goma Inna ta shigo da labarin tsohuwar ta rasu, an yi mata salla a Harami da asuba. Na ce wa Malam zan je gaisuwa. Ya ce ba ya jin za a so ganinmu. Na ce hakkin maƙwabtaka ne, shi ya fi ni sanin hadisan. Ya yi tsaki, ya sa hula, ya tare mana tasi bayan la'asar.

Mata sun cika hawa na ƙasa, ana zagayawa da gahawa da dabino. An fitar da gadon ƙarfen, sawun ƙafafunsa huɗu na nan a kan darduma. Matar mai gidan ta gan ni ta kawar da kai. Abla tana zaune a kusurwa. Na durƙusa na yi mata ta'aziyya, ta riƙe hannuna ta jawo ni kusa, kamar mai kuka a kafaɗata, ta yi magana a kunnena.

"Ina da gwaggo a Ɗa'if, ita kaɗai take zaune. Akwai makarantar yara kusa da ita suna neman mai taimaka wa malamai. Na ce masa zan tafi."

"Ya yarda?"

"Ya ce a'a. Ya ce yanzu matarsa ke bukatar taimako da yara." Ta ƙara matse hannuna. "Doka ta canja, ba sai da takardarsa zan hau mota ba. Gwaggo za ta turo direba ranar Asabar. Katin shaidata yana jikina, da shi nake kwana."

"In ya tsaya a ƙofa fa?"

"Ban sani ba," ta ce. "Ki yi mini addu'a. Tashi, suna kallonmu."

Na tashi. A waje na tarar da Malam a layin maza, ya kai kan mai gidan. Suka yi musabaha gajeriya, Malam ya yi masa addu'a, shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri. Ya tsufa a wata goman nan, gemunsa ya yi fari sosai, idonsa ja, da gani ya yi kukan uwarsa da gaske.

Ranar Asabar na wuni ban iya cin abinci ba. Ba ni da lambar da zan kira, Inna kuma ba ta isa ta taka lungun ba. Bayan mako biyu na roƙi Malam ya bi ta wajen in zai dawo daga makaranta. Ya ce tagogin ƙasa a rufe suke, an manna takardar neman ɗan haya a ƙofar. Ko Ɗa'if ta tafi, ko sama aka mayar da ita wurin matar yayanta, takardar ba ta faɗa ba. Malam ya ce ya ga mai gidan zaune a shago, ya yi niyyar shiga ya tambaya, sai ya ga ba shi da hurumin tambayar wani ina ƙanwarsa. Muka bar Makka a shekarar da ta biyo ban san inda take ba.